Mai Kauri ko Ruwan Bunu: Zama a Teburin Mai Shayi a Tsafe

Baƙon da ya sauka a Tsafe yana neman inda zai zauna ya sha gahawa, kada ya wahalar da kansa yana duban shago mai ƙofar gilashi da kujerun kushin irin na Wuse ko Maitama a Abuja. Duk wanda ya tambaya, ɗan acaɓa ne ko mai faci, wuri ɗaya zai nuna masa: teburin katako a bakin titi, an shimfiɗa masa leda mai zanen furanni, benci ya kewaye shi ta gefe uku, gwangwanayen madara da na Milo an jera su hawa-hawa, burodi a gefe, babbar tukunya na huci a kan garwashi. Nan ne gidan gahawar unguwa. Mutum ɗaya ne mai shi, ba reshen wani kamfani ba ne, kuma ba kasafai ake jin sunansa na yanka ba. Mai shayi kawai ake ce masa, in an matsa a haɗa da sunan garinsu.

Tsafe gari ne na kan hanya. Titin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Yankara ya shigo Zamfara ta wajen su Wanzamai da Kucheri, ta cikin garin yake bi kafin ya wuce gindin dutsen Kwatarkwashi ya faɗa Gusau. Motar da ta ɗauko kaya daga Zariya ko Kaduna za ta Sakkwato, sai ta gaida Tsafe. Ga sakatariyar ƙaramar hukuma, ga fadar 'Yandoton Tsafe, ga kwalejin koyon aikin lafiya da ɗalibanta, ga kuma mutanen ƙauyuka da rashin tsaro ya koro cikin gari suka raɓe a gidajen dangi. Su ne masu cika bencin. Direban tirela da yaron motarsa, ɗan kamasho, malamin firamare, ɗan sandan da ya kwana a shinge, manomin da rabonsa da gonarsa ta nesa an kwana biyu, duk kafaɗa da kafaɗa. Ba a ware wa kowa kujera. Wanda ya riga zuwa shi ya fi kusa da wuta.

Mai son ganin teburin a kan ganiyarsa ya zo da hunturu, bayan an sallame sallar asuba. Mai shayi ya riga kowa tashi. Tun kafin assalatu ya hura gawayi ya ɗora tukunya, kuma abin da ke cikinta ba ruwa ne zalla ba: akwai citta, akwai kanumfari, akwai na'a-na'a, wani ya ƙara masoro, wani kimba. Kowane mai shayi da gwargwadon hannunsa, ba ya kuma faɗa wa kowa. Tebur biyu kan fuskanci juna a titi ɗaya, madararsu ɗaya, sukarinsu ɗaya, amma mutum ya yi shekara da shekaru yana tsallake wannan yana zuwa wancan, saboda ƙamshin tukunya kawai.

Ba a fara ciniki sai an gaisa. "Mai shayi, ƙaƙa sanyi?" "Lahiya lau, Malam. Mi za a haɗa maka?" Amsar wannan tambaya ita ke tona halin da aljihu ke ciki. Wanda ya ce "mai kauri", madara yake so cokali bisa cokali, da Milo ko Bournvita, har ruwan ya yi nauyi a baki. Wanda ya ce "ruwan bunu", ganyen shayi ne da sukari, ba ɗigon madara. Tsakanin waɗannan biyun akwai matakai da yawa, kuma mai shayi ya san matakin kowa. Tsohon abokin ciniki ba ya ma buɗe baki. Yana zama, ana miƙo masa abin da ya saba. Ranar da mai kauri ya sunkuyar da kai ya ce a ba shi ruwan bunu, mai shayin kirki ba ya tambayar dalili, sai dai wani lokaci a ga ya faki ido ya zuba rabin cokalin madara.

Haɗin kansa abin kallo ne. Zai ɗauko babban kofin roba, ya zuba madarar gari da sukari, ya ɗebo ruwan tukunya da moɗa ya tsiyaya ta cikin mataci, sannan ya ɗauko kofi na biyu. Hannun dama ya yi sama har ya wuce kafaɗa, na hagu ya yi ƙasa wajen gwiwa, shayin ya zubo siriri ya faɗa cikin kofin ƙasa ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa ba, kamar yadda mata ke shiƙar gero a masussuka. Ya mayar, ya sake, idonsa ma ba ya kan kofin, yana can yana amsa gaisuwar wani. Ba don burgewa kaɗai ake yi ba. Sheƙawar ce ke narkar da gudajin madara, ta rage zafi yadda direba mai sauri zai iya kurɓa nan take, ta kuma tayar da kumfar da mashaya ke so su gani a bakin kofi.

A ɗaya gefen, yaronsa na kan kasko. Ya fasa ƙwai a kofi, ya yanka albasa da attarugu a tafin hannunsa da wata 'yar wuƙa da wasawa ta cinye rabinta, ya murmusa magi, ya kaɗa da cokali mai yatsu, ya juye a mai. Sai a tsaga burodi a tsakiya, a shafa bota ga mai hali, a cusa wainar ƙwan, a mayar kan kaskon a danne har bayan ya yi ja. Taliyar Indomie baƙuwa ce a teburin in aka kwatanta da burodi. Asalinta daga Indunusiya take, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fara yin ta a Ota ta jihar Ogun. Yau ta kusa ƙwace teburin. Da dare, yawancin samarin da ke kan benci ba shayi ya kawo su ba. "Biyu da ƙwai biyu, yaji ya ji" suke cewa, shayin na biyo baya ne in canji ya ragu.

To ina gahawar? Tana nan, a wani ƙaramin gwangwanin Nescafé da ke ɓoye bayan na madara, ko a jerin 'yan ƙullin leda da aka rataye a ƙusa. Ba ita ce sarauniyar teburin ba. Masu nemanta sanannu ne: direban da ke son ya kai Sakkwato bai yi gyangyaɗi ba, ɗalibin da jarrabawa ta matso, mai gadi, ɗan sa-kai da zai kwana a tsaye. Kan cokali ake ɗiba a jefa cikin shayin, ko a dama ta baƙa da sukari mai yawa a shanye kamar magani. Ba wanda zai tsaya yana shinshina ta yana tambayar daga wane tsauni aka tsinko 'ya'yanta, yadda ake yi a shagunan Abuja da Legas masu injin Italiya. Garin Nescafé ɗin nan kamfanin Nestlé ya ƙirƙiro shi a Suwizalan a 1938, yana kuma da masana'antar sarrafa shi a Abijan, daga gahawar da manoman Kwaddibuwa ke nomawa. Ana noman gahawa a tsaunin Mambila da na Jos, amma da wuya ka ga ƙwayarta a teburin mai shayi a Zamfara.

Ba wai Bahaushe bai san gahawa ba ne. Alhazai sun sha ta a Makka da Madina tun zamanin tafiyar ƙasa, kuma har yau a manyan garuruwa akwai masu yawo da ita a fulas da dare, baƙa wuluk, ta ji citta da kanumfari, ana sha a 'yan ƙananan kofuna. Abin da ya hana ta zama abin kullum shi ne an riga ta shiga gida. Aikin da gahawa ke yi wa Balarabe, na korar barci da buɗe hira da karrama baƙo, goro ya daɗe yana yi wa Bahaushe, tun fataken da ke zuwa Gwanja suna ɗauko shi a bayan jakuna. Sinadarin da ke wartsakar da mai shan gahawa yana cikin goro. Turawan da suka ratso ƙasar Hausa a ƙarni na 19 sun rubuta cewa Larabawa na kiran goro gahawar Sudan.

Shi kuwa shayi ta ƙofa biyu ya shigo. Ta arewa, koren ganye na ƙasar Sin ya biyo ayarin Sahara a hannun Larabawa da Buzaye. Wannan shi ne wanda ake dafawa a 'yar buta kan garwashi, a sha zagaye uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, kuma ya fi zama na abokai a ƙofar gida, ba na sayarwa ba. Ta kudu, baƙin ganye da madarar gwangwani da sukarin ƙwaya sun biyo kantunan Turawa da layin dogo, wanda ya taso daga Zariya ya ratsa wannan yanki ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Teburin mai shayi jikan wannan ƙofa ta biyu ne, shi ya sa har gobe ya fi yawa a tasha da bakin kasuwa da duk inda leburori da matafiya ke kwana nesa da girkin gida.

Wanda ya zauna ya ƙare wa teburin kallo zai ga wani abu mai ɗaure kai. Zamfara jiha ce da ke kirari da noma, har a lambar motocinta an rubuta. Amma a cire ƙwai da albasa da attarugu da gawayi, kusan duk abin da ke kan teburin daga nesa ya zo. Alkamar burodin da ta taliyar yawancinta ta jirgin ruwa ta shigo ƙasar. Sukarin, ɗanyensa ake kawowa daga Brazil a tace a Legas. Ganyen shayin, in ba a dace da Highland na Kakara da ke kan tsaunin Mambila ba, Lipton ne ko Top Tea. Madarar ce ta fi ciwo. Peak ta shigo Najeriya tun 1954, Cowbell kuma ta zo a 1993 da dabarar ƙulla madarar gari a 'yar leda daidai kuɗin talaka, dabarar da ta sa madara ta kai teburin da a da sai ruwan bunu. Garin madarar da ƙasar ke sha, mafi yawansa daga ƙasashen waje ake sayo shi. Wannan kuwa a yankin da aka san dazuzzukansa da garken shanu, inda matan Fulani ke shigowa gari da ƙwaryar nono a ka tun kaka da kakanni. Tun wajen 2011 da satar shanu ta yi ƙamari, rugage da dama sun watse, wasu makiyayan sun yi ƙaura, wasu sun rasa komai, wasu sun shiga daji. Ko lokacin zaman lafiya ma ba a gina hanyar da za ta ɗauko madarar ruga da sanyinta ta kawo ta kofin mai shayi ba. A ganina wannan gwangwanin da ke saman jeri ya fi jawabin kowane ɗan siyasa bayyana inda aka yi sakaci.

Da yake kayan na nesa ne, duk abin da ya taɓa dala ko man fetur sai ya taɓa kofin. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Zuwa Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari. Mai shayi ba ya iya ƙara kuɗi kullum, don ya san albashin malamin da ke gabansa bai kamo tashin farashi ba. Sai ya koma wasa da cokali. Tozon madarar ya ragu, burodin da ake yankawa huɗu ya koma shida, gwangwani ya ba ƙullin leda wuri. Masu gidan burodi su ma sun rage nauyi sun bar tsawo, ka matsa shi a hannu ya koma loma biyu.

Sai kuma bashi, wanda shi ne ginshiƙin sana'ar kuma shi ne ajalinta. Kusan kowane tebur akwai wani tsohon littafin makaranta da mai ya jiƙa, a ƙarƙashin leda ko cikin aljihun tebur. Wasu da boko suke rubutawa, wasu da ajami, wasu zane kawai suke ja a gaban laƙabin mutum. Ma'aikaci sai ƙarshen wata, ɗan acaɓa sai dare, manomi sai kaka. Babu takarda, babu shaida, kunya ce kaɗai jingina. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, littafin nan ne ya ciyar da mutane da yawa, masu kuɗi a banki da marasa shi. Daga lokacin ne kuma aka fara ganin lambar asusu rubuce a jikin kwali an jingina da gwangwanin Milo. Yanzu mutum ya sha shayi ya ce zai yi taransifa, mai shayi na sheƙa wani kofin da hannu biyu, kunnensa na jiran ƙarar waya.

Amma ba ciki kaɗai ke kawo mutane ba. Shayin da za a shanye a minti biyar, sai a yi awa ana riƙe da kofinsa. Rediyo na rataye a jikin ƙusa, ko waya a tsakiyar tebur an ƙure mata murya. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri tun 1957, na gama labaran safe, majalisa za ta ɗauka daga inda ya tsaya, ta yi gyara, ta yi ƙari, ta yanke hukunci. A nan ake naɗa kwamishina a sauke shi, a nan ake sayar wa Arsenal ɗan wasa. Ba banza ba, in ana son rage wa zance daraja, sai a ce labarin teburin mai shayi ne. Masu mulki ba su taɓa sakin jiki da irin wannan zama ba. A 1511 gwamnan Makka ya hana shan gahawa saboda taron da ake yi a kanta, a 1675 kuma sarkin Ingila Charles na Biyu ya ba da umarnin rufe gidajen gahawa don ana sukar gwamnati a ciki, kafin ya janye cikin 'yan kwanaki. A Zamfara kuwa, da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999 aka rufe mashaya da gidajen caca, bencin mai shayi da na mai tsire ne suka rage wa namiji wurin zaman dare da ba mai zarginsa.

Darajar labarin teburin ta tashi a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai. Gusau aka fara mayar wa layi a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba. A tsakanin nan, a gari irin Tsafe, direban da ya tsaya karyawa shi ne jarida. Shi zai ce hanya lafiya ko an tare, shi ake ba saƙon baki ko 'yar wasiƙa ya kai wa ɗan'uwa a Zariya.

Sai dai hirar yanzu ba irin ta da ba ce. A yi ta ihu a kan ƙwallo da siyasar Abuja, amma da zarar zance ya karkato wajen 'yan bindigar daji, sai muryoyi su yi ƙasa. Ba a kama suna. "Mutanen nan" ake cewa, ko "yaran". Ba a faɗin wanda ya sayar da hatsi ya riƙe kuɗi, ko wanda zai yi sammakon tafiya gobe, don ba a san kunnen da ke ƙarshen benci ba. Kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ta shiga bakin kowa, baki kuwa shi ke yanka wuya. Baƙon fuska na zama, za a amsa sallamarsa da fara'a, a matsa masa wuri, a kuma sauya zance. Shi kansa mai shayin yana taka-tsantsan da wanda ya zo sayen burodi mai yawa a lokaci ɗaya, domin jami'an tsaro sun sha kama mutane da zargin kai burodi da mai daji. Lokacin tashi ma ya sauya. Teburin bakin hanya da a da motocin dare ke raya shi har asuba, yanzu yana tashi da wuri, don da yawan direbobi ba sa yarda duhu ya same su tsakanin Funtuwa da Gusau. Mutanen unguwa kan gane halin da gari ke ciki daga fitilar mai shayi: in ta kai sha ɗaya tana ci, an samu sauƙi, in an kife benci tun bayan isha'i, akwai magana.

Akwai waɗanda ba a gani a bencin. Mace ba ta zama. Shayinta a leda ake ƙulla shi ko a fulas, yaro ya kai cikin gida, kuma galibi sai da dalili: mai jego ce, ko marar lafiya, ko an wayi gari ba a hura wuta ba. Almajirai na tsaye daga baya da robobinsu, suna jiran gutsuren burodi ko ragowar taliya, mai rabo a cikinsu ya samu aikin wanke kofuna. Wankin nan kuwa, gaskiya, ba kowane tebur ke kyautata shi ba. Bokiti ɗaya na ruwan kumfa, ɗaya na ɗauraya, daga asuba har hantsi, a garin da ruwa sai an saya a wajen 'yan garuwa. Sukarin ma ya yi yawa. Cokali uku ko huɗu a kofi ɗaya, safe da dare, ga dattawan da likita ya riga ya gargaɗa. Ɗaliban kwalejin lafiya da ke zama a bencin sun san wannan sarai, su ma haka suke sha.

Da azumi teburin kan juya lokacinsa gaba ɗaya. Rana a kife yake, ana shan ruwa a buɗe, cinikin ya yi ƙarfi bayan tarawihi, sannan a sake hura wuta don gwagware da matafiya masu neman sahur. Da bazara kuwa, zafi na korar masu shayin safe, taliya da ƙwai ne ke riƙe jarin har damina ta sauka.

Sana'ar ba ta da makaranta. Yaro kan fara da ɗebo ruwa da wanke kofi, ya hau kasko, sai ya daɗe kafin a bar shi ya taɓa tukunya. In ya ƙware, maigidan ya sallame shi da abin da ya sawwaƙa, ko ya tsaya masa a wajen mai kanti da gidan burodi su riƙa ba shi kaya da safe ya biya da dare. Jarin farko ba shi da yawa: tebur, benci biyu, tukunya, kasko, kurfoti ko 'yar tukunyar gas, kofuna dozin ɗaya. Abin da ke da wuya shi ne wuri, domin ba a kafa tebur a gaban na maigida, kuma kowace kwana mai kyau a Tsafe da mai ita. Shi ya sa da yawansu ke ɗaure kayan a buhu su hau motar kudu. A Mararaba da Nyanya, a unguwar Sabo ta Ibadan, a Agege da Mile 12 na Legas, in ka tambayi mai shayin da ke bakin tasha garinsu, ba abin mamaki ba ne ya ce maka Tsafe, ko Bungudu, ko wani ƙauye da yanzu ba kowa a cikinsa, ya kuma tambaye ka ko ka biyo hanyar kwanan nan.